Motar da Ta Ƙi Tashi a Ƙofar Marigayi

Wai ku ba ku da aikin yi ne? Mutum ya wuni a tsaye, ya samu zai miƙe ƙafa, sai ku kewaye shi da tambayar banza. Wai, "Kaka, da gaske ne mota tana gane mai ita ko bayan ya mutu?" Wa ya cusa muku wannan? Duk zaryar makarantar da kuke yi, abin da kuka kwaso ke nan? Ni ban taɓa zama a aji ba, amma har na tsufa ƙarfe bai taɓa ba ni tsoro ba.

To, tunda kun tambaya, ku zauna. Ke mai riƙe da waya, rubuta yadda na faɗa, ki sa wa mutanen nan naki masu karatu a shafi. Kada ki gyara mini magana. Wanda ya katse ni kuma, na fasa.

Akwai wani direba, auta ne a ɗakinsu. Har ya yi gemu ya ajiye iyali ba a daina kiransa Auta ba. Su biyu ne maza a wurin uwarsu. Babban shi ma direba ne, yana da 'yar motarsa ta haya, tsohuwa amma lafiyayya. Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi, ya bar mata da yara ƙanana a gidan da uwarsu take zaune.

Da jama'ar gaisuwa suka watse, Inna, wato uwarsu, ta ciro makullin motar daga ƙarƙashin matashinta ta miƙa wa Auta.

Ta ce, "Ga wahalar ɗan'uwanka. Ka ja, ka ci, marayu su ci."

Auta ya iya tuƙi, wannan ba mai ƙwace masa. Amma irin mutanen nan ne da in ka nuna musu rami sai su ce sun riga ka gani. Marigayi kuwa mai lallaɓa abu ne. Kafin ya tayar da mota sai ya ɗora tafin hannu a kan bonet kamar mai taɓa goshin yaro. Ba ya yarda ruwa ya taɓa cikin inji. Abu kaɗan ya motsa, sai ya kai ta wurin wani tsoho mai wayarin, wato gyaran wutar mota, a bayan kasuwa. Auta ya sha yi masa dariya, yana cewa Yaya ya mai da mota jaririya, saura ya saya mata zanen goyo.

Ranar da ya fara shiga motar shi kaɗai, sai ya ji bai sake ba. Kujerar direba ta lotsa daidai jikin marigayi, shi kuwa bai kai shi cika ba, sai ya nutse a ciki kamar ya zauna a cinyar wani. Ƙamshin turarensa yana nan a jikin sitiyari. Madubi ma a saitin idon marigayi yake, in Auta ya ɗaga kai ba ya ganin hanya, sai kujerar baya babu kowa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya wuce gidan wankin mota, ya ce a wanke ta ciki da waje. Ya buɗe bonet da kansa ya ce a sa tiyo mai ƙarfi a feshe injin har sai ya yi ƙyalli. Mai wanki ya ce, "Oga, a rufe wayoyin da leda tukuna?" Auta ya ce, "Kai direba ne ko ni?"

Gidan Auta yana can wani gefen gari. Kullum da safe zai taso, ya tsaya a ƙofar gidan Inna, ya kashe mota, ya shiga. Daga bakin ƙofar ɗaki zai tsaya, ko takalmi ba ya cirewa.

"Inna, an tashi lafiya? Ba abin da ake bukata ko?"

Kafin ta gama amsawa ya juya.

Ɗakin matar marigayi yana kallon na Inna. A da, ita da Auta ba sa haɗuwa ba su yi faɗan wasa ba. Takan ce, "Ƙaramin miji, yau ma hannu na dukan cinya ka zo? Ina cefanena?" Shi kuma ya ce ai matar da ba ta iya gishiri ba sai dai a kawo mata haƙuri. Amma tun rasuwar ba ya iya kallon wannan ƙofa, don takalman yayansa suna nan a jere inda ya cire su. Takan ce daga bayan labule, "Sannu da zuwa, Baban yara." Ya amsa da ƙeya. Yaran su taso da gudu suna Baba Ƙarami, ya shafa kan na kusa ya fice.

Ba a daɗe ba mota ta fara canja hali.

A gaban direba akwai wata allura da take nuna zafin inji. In mota ta yi tafiya, allurar takan taso a hankali ta tsaya a tsakiya. To, wannan ta kwanta a ƙasa, wajen sanyi, ta ƙi tashi. Ya yi tafiya rana tsaka, bonet ya ɗauki zafin da za a gasa abu a kai, allura tana nan kwance kamar gawa. Sai salansa ta fara fitar da baƙin hayaƙi mai yaji a ido. Sai shan mai, kamar an huda tankin.

Auta ya ce ai tsufa ne.

Wata safiya, bayan matar marigayi ta fita takaba, ya fito daga gaida Inna, ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya yi gurnani, ya yi gurnani, bai kama ba. Ya sake. Warin ɗanyen fetur ya cika motar. Layin shiru, yara duk sun tafi makaranta, ko kaza ba ta motsi. Ya ɗaga kai, sai ya ga matar marigayi tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, tana kallon motar. Ba shi take kallo ba, kujerar da yake kai take kallo.

Sai da maƙwabta suka tura shi har ƙarshen layi, motar tana tari, sannan ta kama.

Washegari haka. Jibi haka. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, a ƙofar gidansa da sassafe taɓawa ɗaya take tashi. A tasha, in ya gama dogon jiran layi, taɓawa ɗaya. A hanya kuwa ba ya kashewa, fasinja na sauka yana wucewa. Duk faɗin garin, wuri ɗaya take ƙin tashi: ƙofar gidan da mai ita ya fita bai dawo ba.

Ya canja fulogi da hannunsa. Ya aro batir. Ya zuba mata wani magani a tanki. Duk a banza.

Inna ta ce, "Auta, ka kai ta wurin tsohon nan da yayanka yake kai ta mana."

Ya ce, "Inna, ni ma fa direba ne. Abin da tsohon nan ya sani wanda ban sani ba, sai dai yawan surutu."

A tashar akwai wani ɗan kamasho, mai tara wa motoci fasinja, bakinsa ba ya hutawa. Shi Auta ya ba labari. Mutumin ya matso, ya rage murya.

"Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mota ta zaɓi ƙofa da kanta ba. Sai dai a zaɓa mata. Waye a gidan nan bai so aka ba ka makulli ba?"

Ya dafa kafaɗar Auta.

"Ka bincika cikinta da kyau. Irin wannan aiki ba a barinsa a fili."

Rana ta take, Auta ya ja motar bayan tasha inda ake zubar da tsofaffin tayoyi, babu kowa. Ya buɗe bonet yana leƙa lungu-lungu. Can kusa da inda babban tiyon ruwa yake shiga inji, ya ga wani abu da ba ƙarfe ba, ba roba ba. Ƙyalle ne, an naɗe shi a wuyan wata 'yar waya, an yi masa ƙulli bisa ƙulli, ya yi baƙi da mai.

Ya tofa yawu ya murza gefensa da yatsa. Shuɗi ya fito, da zanen ganye ruwan ɗorawa.

Ya san wannan zane. Ya sha ganinsa a jikin matar yayansa tana wanki a tsakar gida.

Ya ciro reza ya yanke ƙyallen, ya cusa a aljihu. Ya shiga ya murɗa makulli. Nan take fankar gaban inji ta ɗauki kuka, wani irin kuka mai tsawo da bai taɓa ji ba. Allurar da ta daɗe a kwance ta zabura ta haye can sama, ta faɗo, ta sake hayewa, tana kaɗawa kamar yatsan mai gargaɗi. Ya kashe motar ya zare makulli. Makulli na hannunsa, fanka ba ta daina ba.

Ya fito ya tsaya nesa, har sai da ta ga dama ta yi shiru.

Yammacin ranar ya shiga gidan, ya tsaya a tsakar gida. Ya jefa ƙyallen a gaban Inna, ya ce a kira matar Yaya.

Ta fito tana goge hannu. Ta duƙa ta duba.

Ta ce, "Zanena ne. Tsofaffin zannuwana duk shi yake kwashewa yana goge mota da su."

"Da ƙulli ake goge mota?"

"Ban sani ba, Baban yara. Ni ko ta inda ake buɗe gaban mota ban sani ba."

"Me ya sa sai a ƙofarki take mutuwa? Me ya sa kullum in ta mutu sai in gan ki tsaye?"

"Shara nake yi. Kuma in na ji ƙararta sai in..." Ta haɗiye sauran. Ita ƙarar motar nan take ji a da ta san mijinta ya dawo. Amma wa zai tsaya ya ji wannan?

Inna tsohuwa ce, baƙin ciki ya riga ya cinye rabinta. Ɗa ɗaya ya tafi, ga na biyu ya zo yana rantsuwa cewa mota ta yi kuka babu makulli. Tsoro ya shige ta. Ta daɗe tana kallon ƙyallen, sannan ta ce, "'Yar nan, ki je gidanku tukuna, har mu ga abin da Allah zai yi."

"Da yaran, Inna?"

Auta ya riga ta amsawa. "Yara suna gidan ubansu." Ya ɗauke ƙyallen ya mayar aljihu.

Matar ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta koma ɗaki ta saki labule.

Ranar tafiya, tun kafin ya zo ta ɗaure 'yan kayanta ta fito da su bakin ƙofa. Ba su da yawa. An kai yaran gidan maƙwabta don kada su gani, amma ana jiyo kukan ƙaramar ta kan katanga.

Auta ya iso da dabararsa: ba zai kashe motar ba. Ya bar ta tana aiki, tana ta aman baƙin hayaƙi, iska na kaɗa shi cikin gida. Inna ta fito da mayafi, don ta ce ita za ta raka ta, ba za a ce an kori surukarta kamar akuya ba. Hayaƙin ya shaƙe ta, ta kama tari har da hawaye.

"Kashe wannan abu kafin ka kashe ni."

Ba yadda zai yi, ya kashe. Ya kwashi kayan da sauri ya cusa a but. Inna ta zauna a gaba, matar marigayi a baya. Ya murɗa makulli.

Gurnani. Ya sake. Gurnani. Fanka ta ɗauki kukan nan a hankali, ta yi sama, ta yi ƙasa, kamar numfashin mai barci. Maƙwabta sun fito ƙofofinsu, amma ba wanda ya matso ya tura. Auta ya ɗaga ido ga madubi, ya ga fuskar matar a daidai inda ya saba ganin kujera babu kowa.

Inna ta miƙa hannu ta dafa gaban motar. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Babba, kai ne?"



Sai matar ta yi magana daga baya, ba ta ɗaga murya ba. "Inna, ni ban san komai a kan mota ba. Amma na san inda yake kai ta in ta yi ciwo. A kai ta can. In mai gyara ya ce hannun mutum ne, ba sai an ɗauke ni ba, da ƙafata zan tafi."

Auta ya buɗe baki. Inna ta ce, "Rufe. Na bi taka, yau za ka bi tawa."

Aka samo wani mai a-kori-kura ya ɗaura mata igiya. Haka aka ja su har bayan kasuwa, da kaya da mata a ciki, mutane na kallo.

Tsohon mai wayarin yana zaune a rumfarsa, tabarau ɗaure da waya, kewaye da matattun batura. Da ya hango motar sai ya miƙe. Ya zagaya ta, ya ɗora hannu a kan bonet kamar yadda marigayi yake yi.

"Motar abokina. Allah ya jiƙansa." Ya gaida Inna, ya yi wa matar ta'aziyya. Ya ɗaga bonet, ya kalli injin, ya kalli Auta ta saman tabarau. "Wane ango ne ya yi wa inji wanka haka?"

Auta ya fara zuba bayani: hayaƙi, shan mai, allura, fanka, da ƙofar da take zaɓa. Tsoho ya bar shi ya gama. Ya ɗauko wata 'yar na'ura ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura mata ido.

"Zo nan, direba. Taɓa injin."

Auta ya taɓa ya janye da sauri.

"Me hannunka ya ce?"

"Zafi."

"To ita ƙwaƙwalwar motar an gaya mata ƙanƙara ake yi a ciki. Ga shi nan a rubuce." Ya juya wajen Inna, don ya ga ita ce mai hukunci. "Hajiya, mota tana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta da ido, a cikin akwati take a rufe. Akwai wani ɗan abu kamar yatsa, sensa muke ce masa, kansa yana tsome a cikin ruwan inji. Shi ne ɗan aikenta. Shi zai ce mata ruwa ya yi zafi ko da sanyi. In ya ce da sanyi, sai ta ƙaro fetur da yawa don inji ya ɗumama. In ya ce ya yi zafi, ta rage fetur, ta kunna fanka. Abin da ya faɗa, shi take yi. Ba ta tambayar kowa."

Inna ta ce, "In ya yi ƙarya fa?"

"Sai ta yi ta ɓarna da zuciya ɗaya. Amma ba zan ɗora masa laifi ba sai na gwada shi. Wani lokacin ruwa ne ya ƙare, wani lokacin waya ce."

Ya hana kowa taɓa murfin lagireto, wato tukunyar ruwan mota, ya ce mai son fuskarsa ya jira ta huce. Da ta huce ya buɗe, ruwa cike. Ya ce to ba nan ba ne. Ya zura hannu wajen babban tiyo, ya taɓa 'yar wayar nan, sai kan soket ɗin ya zame ya biyo yatsunsa. Cikinsa duk ya yi kore da tsatsa.

Tsoho ya tsaya. "Ina ƙyallen da yake nan?"

Inna ta kalli Auta, Auta ya kalli ƙasa.

"Tambaya nake. Akwai ƙyalle shuɗi a nan. A gabana aka ɗaura shi."

Inna ta ce, "Wa ya ɗaura?"

"Mai motar mana. Haƙorin da yake riƙe soket ɗin ne ya karye, ranar ba ni da irinsa. Na ce ya bar ta ta kwana, ya ce yara za su ci me? Ya jawo tsumma daga ƙarƙashin kujera, ya yaga da haƙori, ya ɗaure da kansa. Ina ce masa ƙulli ɗaya ya isa, yana ƙarawa. Har ya ce mini, zanen uwargida ne, ba ya saki, halin mai shi gare shi. Ya ce zai dawo in canja masa. Bai dawo ba."

Matar ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Tsoho bai san abin da ya taɓa ba, ya ci gaba da aikinsa. Ya kwance sensa ɗin, ya ciro sabo daga kwali. Ya karɓo tafasasshen ruwa a kofi daga wurin mai shayin da yake gefensa. Ya jona wa sabon mita, ya tsoma kansa a ruwan. Lambobi suka fara gudu suna sauka. Ya jona tsohon, ya tsoma. Lamba ta tsaya cak, ko gezau.

Inna ba ta san lamba ba, ni ma ban sani ba. Amma ba sai ka yi karatu za ka gane abin da ya motsa da wanda bai motsa ba.

"Kin gani, Hajiya? Ya mutu. Ko a wuta aka sa shi, sanyi zai ce. Dama ya tsufa, ruwan wanki ya shiga ya ƙarasa shi. Wannan ciwo na farko ke nan. Na biyu kuma, wanda ya yanke ƙyallen shi ya ƙara mata. Soket ya dinga rawa, ya taɓa ya saki. In ya saki, ƙwaƙwalwa ta ji ɗan aike ya ɓace gaba ɗaya, sai ta tsorata ta sake fanka don kada inji ya ƙone. Irin wannan motar kuwa, fankarta ba ta jiran makulli."

Auta ya ji ƙyallen a aljihunsa ya yi nauyi kamar dutse. Amma girman kai ba ya mutuwa da wuri. Ya ce, "To na ji. Me ya sa sai a ƙofa ɗaya take ƙin tashi? Wannan ma sensa ne?"

"Da safe a gidanka inji da sanyi yake?"

"E."

"To ƙaryar ta zo daidai da gaskiya, sai ta tashi. A tasha kana daɗewa a layi?"

"Ina daɗewa."

"Ta huce ke nan. Daga gidanka zuwa wannan ƙofa kuma inji ya gama ɗaukar zafi. Ka kashe, ka dawo yana nan da zafinsa, ƙwaƙwalwa ta antaya masa fetur irin na sanyi, ya shaƙe. In ka shiga gidan kana daɗewa?"

Inna ce ta amsa, ba ta kalli ɗanta ba. "Ko takalmi ba ya cirewa."

Tsoho ya ɗaga kafaɗa yana ɗaura sabon. "Shi ke nan. Da kana zama ka sha ruwa, ka ji lafiyar mutanen gida, ka ɗora marayu a cinya, da kafin ka fito ta huce ta tashi. Da ba ka taɓa sanin tana da zaɓin ƙofa ba."

Ya canja soket ɗin, ya cika ruwan da ya zube, ya ce a taɓa. Taɓawa ɗaya ta tashi. Fanka shiru. Suka tsaya suna kallon allura tana tasowa a hankali, har ta kai tsakiya ta tsaya.

Auta ya zagaya wajen tagar baya.  "Matar Yaya..."

Ta miƙo hannu ba ta ɗago ba. "Ba ni ƙyallena."

Ya ciro ya ba ta. Ta shafa ƙulle-ƙullen da yatsa, har inda reza ta ratsa.

"Ƙullin hannunsa ne na ƙarshe da ya rage. Shi ka sa wa reza."

Ta ɗaure shi a bakin mayafinta. Inna tana share ido ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma juya mu gida. Kayan da ka loda, kai za ka sauke, ka mayar da kowanne inda yake."

Ya sauke. Da ya gama, ya cire takalmansa a ƙofar ɗakin, kusa da na yayansa, ya zauna a tabarma. Yaran suka haye shi. Tun daga ranar ba ya shiga gidan ya fita a tsaye.

Ta yafe masa, don mace ce mai tsoron Allah. Tana gaishe shi, tana ba shi ruwa. Amma har yaran suka girma, bai ƙara jin ta ce masa ƙaramin miji ba. Kullum in ya shigo sai ya ɗan saurara ko za ta tambayi cefane. Ba ta ƙara tambaya ba.

Ke kuma na ga bakinki yana motsi. Za ki ce to wa ya sa Inna ta ce a kashe motar daidai wannan lokaci? Hayaƙi ne ya sa ta. Hayaƙi na ce. Kada in ƙara ji.

Darasi: Ƙwaƙwalwar motar nan lafiyarta ƙalau, ɗan aikenta ne ya yi mata ƙarya, ita kuma ba ta bincika ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka gwada wanda ya kawo maka labari, ko ɗan kamasho ne ko tsoron da yake cikin ƙirjinka. Abin da ba ka gane ba ka kai wa wanda ya sani, girman kai ba ya gyara mota. Kuma in ka shiga gidan marayu, ka cire takalmi ka zauna. Duk wanda ya karanta ya tura wa direbobin gidansu, da duk mai saurin zargi.

Ke, kin rubuta? To kashe wayar nan. Kowa ya tashi ya wanke ƙafa ya kwanta. Wanda na ji yana raɗa a bayan labule, gobe shi zai share tsakar gida shi kaɗai.